Ɗalibi Ka Ɗauka Ko Fasinja? Jan Hankali Ga Malaman Tuƙin Jirgin Sama

Zuwa ga 'yan uwana masu koyar da tuƙin jirgin sama, musamman matasanmu da ke Amurka suna koyarwa don tara awoyi 1,500 da doka ta gindaya kafin a shiga manyan kamfanonin jiragen sama. Maganata a yau kan tashin ɗanɗano ce, wato darasin farko da makarantu ke sayarwa da araha don jawo ɗalibai. Da yawanmu na ɗaukarsa kamar yawon shan iska, alhali nauyin shari'arsa a wuyan malami yake.

Tambayar farko da mai bincike zai yi idan wani abu ya faru ita ce: wannan tashin darasi ne ko yawon buɗe ido? Dokokin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, wato FAA, sun ware koyarwa daga sharuɗɗan jigilar fasinja. Amma idan ka karɓi kuɗi ka zaga da mutane suna kallon gari kawai, ka shiga wani babi: sai da takardar izinin hukumar, da tsarin gwajin ƙwaya da barasa, kuma ba za ka wuce mil 25 daga filin da ka tashi ba. Na sha ganin magidanci ya zo da matarsa da ɗansa, an zuba su cikin jirgin Cessna 172, kowa na riƙe da waya yana ɗaukar hoto, babu wanda ya taɓa sitiyari. Kiran wannan darasi a kan rasit ba zai mai da shi darasi ba.

Don haka ka koyar da gaske. Ka zaunar da baƙonka a kujerar hagu, ka zagaya jirgin tare da shi kuna duba mai da fukafukai, ka nuna masa ɗaure bel da buɗe ƙofa. Bayan kun sauka, ka rubuta abin da aka koya a littafin awoyinsa ka sa hannu, domin doka ta wajabta maka haka. Jirgin ma dole ya kasance mai sitiyari biyu, kuma tunda na makaranta ne ana biyan kuɗi, ka buɗe littafin gyaransa da hannunka ka tabbatar binciken awa 100 bai wuce ba.

Na biyu, kai ne matuƙi mai alhaki tun daga tayar da inji har kashe shi. Sabon shiga idan ya firgita yakan ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, ya daina jin magana. Tun a ƙasa nake koya wa ɗalibina riƙo da yatsu uku, kuma mu maimaita musayar riƙo da baki: in ce na karɓa, ya ce ya saki, in sake tabbatarwa. Kotu ba za ta karɓi uzurin cewa ɗalibi ne ya ƙi saki ba.

Na uku, kada takardar yafe diyya da ake sa wa hannu a kanta ta ruɗe ka. Ba ta kare mai mummunan sakaci, kuma jihohi irin su Bajiniya da Luwiziyana ba sa amincewa da ita a kan raunin jiki. Ga kuma dokar 1994 da ta hana ƙarar kamfanin da ya ƙera ƙaramin jirgi bayan shekara 18, sai a wasu keɓantattun yanayi. Yawancin jiragen koyo sun haura waɗannan shekarun, saboda haka lauyan mai ƙara makaranta da malami zai nufa.

Na huɗu, inshora. Ka nemi a nuna maka takardar inshorar makaranta, ka ga ko ta ambaci malamai. Kamfanin inshora na iya biyan mai jirgi, sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Shi ya sa nake ba kowane malami shawarar ya mallaki tasa inshorar.

Wanda ya hau jirginka karon farko amanar ransa ya ba ka, bai san komai da zai kare kansa da shi ba. Idan yanayi bai yi ba, ko takardu ba su cika ba, ka ɗage tashin ko da makaranta za ta ɓata rai. Allah Ya tsare mu da ɗalibanmu.