Darasin Kiwon Lafiya: Mai Ciki da Fitowar Idanu

Mu ɗauka akwai wata mace a Wurno, cikin ƙasar Birnin Kudu, tana da cikin wata uku. Kullum tana kukan zafi, ko da hunturu ne. Zuciyarta tana bugawa da sauri, hannuwanta suna rawa, tana ci da yawa amma sai ramewa take yi. Uwar mijinta ta ce laulayi ne, zai wuce. Bayan 'yan makonni maƙwabta suka ga idanunta sun fito waje kamar na mai harara. Waɗansu suka ce fushi take yi, waɗansu suka ce iska ce ta taɓa ta, har waɗansu suka soma raɗa cewa mayya ce. Dukansu sun yi kuskure. Ciwo ne wanda likitoci suka sani, yana kuwa da magani.

1. Asalin ciwon

A gaban wuya, a gindin maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka wadda likitoci ke kira tayirod. Aikinta shi ne ta zuba wani sinadari cikin jini wanda yake tsara saurin aikin jiki, kamar yadda mai dafuwa take iza wuta ko ta janye itace. Kumburinta shi ne maƙoƙo.

Maƙoƙo iri iri ne. Akwai wanda rashin aidin cikin abinci yake kawowa, domin wannan ne tun 1993 dokar Najeriya ta ce a sa aidin cikin gishiri. Irin wannan ba ya fitar da ido. Wanda muke zancensa yau dabam ne, gishiri ba ya warkar da shi. Wani likita a Dublin, Robert Graves, ya bayyana shi a 1835, wani kuma a Jamus, Karl von Basedow, a 1840. Har yau ana kiransa ciwon Graves.

Ga yadda yake aukuwa. Akwai dakaru cikin jininmu masu yaƙi da cuta. A wannan ciwo sai su ɓata hanya, su tsokani tayirod ta yi ta aiki ba hutawa. Su ne kuma suke kumbura nama da kitsen da ke bayan ido. Ramin ido kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa, saboda haka sai kumburin ya turo ido gaba. Wajen mutum 1 cikin 3 ko 4 masu ciwon Graves yakan taɓa musu ido, amma kaɗan ne yake tsananta musu.

2. Ido ne shaida

Wajen mata 2 cikin 1,000 masu ciki suna da wannan ciwo. Wuyarsa ita ce yana ɓuya a bayan laulayi, gama jin zafi, da gajiya, da bugun zuciya, kowace mai ciki tana iya jinsu. Mace mai cikin fari kuma, kunya takan hana ta faɗin abin da ke damunta. Amma sai mu riƙe wannan da kyau: ciki shi kaɗai ba ya fitar da ido. Idan farin ido ya bayyana a bisan baƙin ido, ko fatar ido ta kumbura, ko mace tana jin kamar yashi a ido tana ta hawaye, ko idonta ba ya rufuwa sosai cikin barci, to, lokacin tafiya asibiti ya yi.

Akwai alamu uku da ba a kwana da su: gani ya dushe ko launuka sun koɗe, ganin abu ɗaya biyu biyu, da farin tabo a kan baƙin ido tare da zafi. Watakila kumburin ya danne jijiyar gani, ko kuwa ido ya bushe har ya yi miki. Jinkiri a nan yana iya jawo makanta.

3. Abin da likita zai yi

Mutanen Wurno da Gwaram suna da Asibitin Tarayya a Birnin Kudu. Mace ta je awon ciki, ta faɗi alamun duka, a auna jininta. In akwai bukata a tura ta Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Domin ido kuwa akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda aka buɗe a 1943.

Ƙwayoyin maganin iri biyu ne. A watanni uku na fari likitoci sukan zaɓi wanda ake kira PTU, gama ɗayan, watau kabimazol, yana iya yi wa halittar ɗa lahani a makonnin farko. Daga baya akan iya komawa ga kabimazol, domin PTU yakan taɓa hanta. Likita ne mai wannan zaɓi, kada a sayi ƙwaya a kasuwa. Maganin aidin mai ƙona tayirod, ba a ba mai ciki ko kaɗan. In aikin wuya ya zama tilas, tsakiyar ciki ake jira, wata na 4 zuwa na 6.

Kada mace ta bar magani da kanta domin tsoron abin da ke cikinta. Ciwon da ba a kula da shi ba yana iya kawo ɓari, ko bakwaini, ko jijjiga, ko kāsawar zuciya.

4. Abin da za mu yi a gida

Ta ɗiga maganin jiƙa ido wanda likita ya rubuta. Ta ƙara matashin kai da dare, kumburi yakan ragu. Ta sa baƙin tabarau saboda rana da ƙurar hunturu. Ta bar kwalli, kada kuma a matsa mata ruwan ganye a ido. Wata ta karɓe ta dafuwa in hayaƙi ya yi yawa. Hayaƙin taba yana tsananta wannan ciwo ƙwarai, saboda haka maigida mai shan taba ya yi nisa da ɗakinta.

5. Bayan haihuwa

Sau da yawa ciwon yakan lafa a watannin ƙarshe na ciki, sa'an nan ya komo cikin watannin da ke biye da haihuwa. A nan ne mutane suke ruɗuwa, su ce ta warke. Mace ta tafi wankan gida wurin iyayenta, katin asibiti ya ɓace, ba mai tunawa da awo. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta cewa wanka da ruwa mai zafi ƙwarai da yawan kunun kanwa suna wahalar da zuciyar mai jego. Balle zuciyar da ciwon Graves ya riga ya gajiyar.

A lura da jariri kuma, gama dakarun nan suna ratsa mabiyiya su shiga jininsa. Wajen ranar suna, ko bayanta kaɗan, in ba ya barci, yana sha amma ba ya ƙiba, zuciyarsa tana gudu, a kai shi asibiti. Da magani yakan warke cikin makonni ko 'yan watanni. Uwa tana iya ba da mama tana shan maganinta, bisa ga ma'aunin likita.

'Yan'uwa, ba dukanmu ne likitoci ba, amma dukanmu muna ziyarar masu ciki da masu jego. Idan mun ga irin idanun nan, kada mu tsorata, kada mu yarda da raɗa. Mu yi magana da maigidanta da uwar mijinta, mu taimaka da kuɗin mota, ɗaya daga cikinmu ya raka ta.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin maƙoƙon rashin aidin da ciwon Graves?
2. Waɗanne alamu uku ne ba a kwana da su?
3. Don me mace ba za ta bar awo bayan haihuwa ba?
4. Me za mu faɗa wa mai cewa mayya ce?