Yadda za mu sake demarar ɗin mota a gida

A garuruwanmu na karkara mota guda tana ɗauke da nauyin jama'a da yawa. Ita ke kai albasa da wake da gyaɗa kasuwa. Ita ke kawo takin zamani. Ita kuma ke ɗaukar mace mai naƙuda, ko yaro mai zazzaɓi, zuwa likita cikin dare. In ta ƙi tashi, kayan gona su kwana a tasha, maras lafiya ya kwana a gida. Makaniki kuwa yana can birni, nesa da mu.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana mota tashi shi ne mutuwar demarar. Gaskiya ne, ana iya tura mota ta tashi. Amma turi yana son ƙarti, kuma cikin rairayi wahala ce. Mota mai sake giya da kanta ma ba ta tashi da turi sam. A wannan darasi za mu koyi yadda ake gane ciwon demarar, da yadda ake sake shi. Aikin ba shi da wuya. Sharaɗinsa guda ne: a fara da batir, a gama da batir.

Mene ne demarar?

Demarar ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batir. Maƙwabtanmu na Najeriya suna ce masa kik. Yana manne a wurin da inji ya haɗu da akwatin giya. A bakinsa akwai ɗan ƙarfe mai haƙora. In mun murɗa makulli, ƙarfen nan ya fito, ya kama haƙoran wani babban faifai na inji, ya juya shi. Da inji ya kama, sai ya koma wurinsa.

Can da, da hannu ake juya inji, da wani lanƙwasasshen ƙarfe. Ƙarfen nan ya karya hannuwan mutane da yawa. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da mota mai demarar na lantarki, aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. Daga nan direbobi suka huta.

Kada mu yi saurin saye

Sau da yawa ana ɗora wa demarar laifi, alhali laifin na batir ne. Kafin mu kashe kuɗi, mu kunna fitilun gaba, mu murɗa makulli, mu saurara.

1. In fitilu suka dushe, muka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, batir ne ba shi da ƙarfi, ko kawunansa sun yi datti.
2. In fitilu suka tsaya da haskensu, muka ji ƙwas sau ɗaya, inji bai juya ba, to mu zargi demarar.
3. In demarar yana gudu fuuu shi kaɗai, inji bai motsa ba, ƙarfen haƙoransa ne ba ya kamawa.
4. In shiru muka ji, babu ko motsi, mu duba ƙaramar wayar demarar da fis, ko ɗaya ta kwance ko ɗaya ya ƙone.
5. In inji yana juyawa da kyau amma bai kama ba, demarar lafiyarsa lau. Mu duba mai da buji.

Batir na ƙaramar mota bolt 12 ne. In ya cika, ma'aunin wuta yana nuna 12,6. In ya nuna ƙasa da 12, sai an yi masa caji. Wanda ba shi da ma'auni ya ari batir mai kyau ya gwada. In mun ga farin gari a kawunan batir, mu kankare shi, mu ɗaure wayoyi tamau, mu sake gwadawa. Motoci da yawa sun tashi da wannan kaɗai.

Kayan aiki

Muna bukatar kile lamba 10, 12, 13, 14 da 17, domin su aka fi samu a motocinmu. Muna bukatar fitilar hannu, buroshin ƙarfe, tsumma, da kwano na zuba bulon don kada su ɓace cikin ƙasa. Mu ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa. Mu nemi mutum guda ya taimaka mana.

Kiyaye lafiya

Rigakafi ya fi magani. Mu ajiye mota a wuri mai tauri, wanda ba gangare ba. Mu ja birkin hannu, mu tare tayoyi da duwatsu gaba da baya. Mu cire makulli, mu sa shi aljihu. Mu bar inji ya huce, domin bututun hayaƙi yana ƙona fata. Mu cire zobe da agogo. Mu tuɓe babbar riga da rawani. Yara su yi nesa.

In sai an ɗaga mota, kada mu shiga ƙarƙashinta tana bisa kirik kaɗai. Kirik yana zamewa, yana nutsewa cikin rairayi. Mu sa masa katako a ƙasa, mu tallabe motar da manyan gungumen itace masu ƙwari. Tubalin siminti yana fashewa, kada mu dogara da shi.

Batir yana fitar da iska mai kama wuta. Babu shan taba, babu ashana kusa da shi. Ruwan da ke cikinsa guba ne mai cin fata. In ya taɓa jiki ko ido, mu wanke da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a tafi likita ba da jinkiri ba.

Cire tsohon demarar

1. Mu kwance wayar batir mai alamar ragewa (−). Yawanci baƙa ce. Mu kawar da ita gefe, ta yadda ba za ta koma ta taɓa kan batir ba. In motar tana da batir biyu, mu yi haka ga kowane.

Ga dalili. Babbar wayar demarar ta fito kai tsaye daga batir. Kullum tana da wuta, ko da makulli yana aljihu. In kile ya taɓa ta ya kuma taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi, ƙarfe ya yi ja, hannu ya ƙone, batir ma yana iya fashewa. In an cire wayar ragewa, hanyar wuta ta yanke.

2. Mu bi babbar waya daga kan batir mai alamar tarawa (+). Ita za ta kai mu ga demarar.
3. Mu lura da mazaunin kowace waya. Mai salula ya ɗauki hoto. Wanda ba shi da ita ya zana a takarda.
4. Mu cire ƙaramar waya, sannan mu kwance babbar.
5. Mu kwance bulon ɗin da ke riƙe da demarar. Yawanci biyu ne ko uku. In sun yi tsatsa, mu ɗiga musu mai, mu dakata. Kada mu yi musu da ƙarfin tsiya, kansu ya lalace.
6. Mu tallabe demarar da hannu kafin bulon na ƙarshe ya fita, domin yana da nauyi. Mu zaro shi a hankali.

Sayen wani

Mu tafi kasuwa da tsohon a hannu. Mu jera su biyu, mu duba. Ramukan bulon su zama daidai. Mu ƙidaya haƙoran kowane, adadinsu ya zama ɗaya. Mu karanta lambar da ke jikinsa: na bolt 12 dabam, na bolt 24 na manyan motoci dabam. Na mota mai gazuwal ya fi na mai isansi ƙarfi, ba a musanya su. In na hannu ne za mu saya, mai sayarwa ya gwada shi da batir a gaban idonmu.

Kada mu yar da tsohon. Sau da yawa sharbon ɗin cikinsa ne kawai ya cinye. Mai gyaran wutar mota yana sake su da kuɗi kaɗan. Sai mu ajiye shi saboda wata rana.

Ɗaura sabon

1. Mu goge mazauninsa da buroshi har ƙarfe ya yi haske. Ta nan wuta ke komawa batir, saboda haka datti yana rage masa ƙarfi.
2. Mu zaunar da shi daidai, babu karkata.
3. Mu fara murɗa kowane bulon da yatsu. In duka sun shiga, sannan mu ɗaure da kile.
4. Mu mayar da babbar waya, sannan ƙaramar. Mu ɗaure, amma kada mu matsa ƙwarai, domin wurin yana karyewa.
5. Mu duba kada waya ta jingina da bututun hayaƙi.
6. Mu ƙidaya kayan aikinmu, mu fito, mu sauke mota ƙasa.
7. Daga ƙarshe, mu mayar da wayar ragewa a kan batir.

Gwaji

Mu fitar da mota daga giya, mu murɗa makulli. Da inji ya kama, mu saki. Kada mu riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. In bai kama ba, mu dakata minti guda demarar ya huce. Dogon murɗi shi ke ƙona shi. Mu yi gwajin a fili, domin hayaƙin mota yana kisa a cikin rufaffen ɗaki.

In muka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ko demarar ya ci gaba da gudu bayan mun saki makulli, mu kashe mota, mu cire wayar ragewa, mu kira makaniki. Haka nan, a wasu sababbin motoci demarar yana ɓoye can ciki, sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai gare shi. Irin wannan mu bar wa masu sana'a. Mai tambaya ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Fitilu sun dushe, muna jin ƙas-ƙas-ƙas. Me za mu fara dubawa?
2. Wace waya ake fara cirewa, kuma don me?
3. Me ya sa ake zuwa kasuwa da tsohon demarar?
4. Me za mu yi in ruwan batir ya shiga ido?

Mu tattauna amsoshin a ajin yaƙi da jahilci, mu kuma karanta wa direban garinmu wannan darasi kafin ranar kasuwa.