Kafin ka sauya kan babur ɗinka

Ɗana, na ga Honda Shadow 750 ɗin da ka sayo, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Na kuma ji kana cigiyar dogon kai irin na masu Harley-Davidson a Amurka, da faffaɗan mataki na ɗora ƙafa. Ba zan hana ka ba, babur naka ne. Amma zauna ka ji.

Kan babur ba ƙarfen ado ba ne. Totur, kuloci, birkin gaba, hon da sigina duk a jikinsa suke, kuma kamfani ya yanka wayoyinsu daidai da kan da babur ya zo da shi. In ka ƙara masa tsawo, dole ka sayi dogayen wayoyin totur da kuloci, da doguwar tiyon birki. Wanda ya ce maka za a ja tsofaffin su kai, kada ka saurare shi. Bayan an ɗaura, ka tayar da inji a tsaye, ka karya kan zuwa dama har ƙarshe, sannan hagu. In ƙarar inji ta tashi da kanta, wayar totur ta ɗaure ke nan, kuma abin da ta yi a gareji shi za ta yi maka a tsakiyar kwana. Tiyon birki kuwa, duk sanda aka kwance ta sai an fitar da iskar da ta shiga, har hannun birki ya yi tauri. Ka rufe tanki da tsumma, don man birki yana cin fenti.

Ka auna kauri tun a shago. Kan babur ɗinka inci 1 ne, wato milimita 25.4, na ƙananan baburan da suka cika titi kuwa 22 ne. Na sha ganin yara suna cusa yankin gwangwani don siririn kai ya zauna, abin yana ɗaga mini hankali. Haka ɗan tsinin nan da ke cikin gidan maɓallai: huda ake yi masa a sabon kai, ba a goge shi, in ba haka ba gidan totur zai riƙa juyawa a hannunka.

Tsawo kuma jikinka ne zai faɗa maka. Hau, ka miƙa hannu, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Da zarar tafin hannu ya wuce kafaɗa, yatsu za su riƙa mutuwa a doguwar tafiya, kaucewa rami ya yi wuya. Ko a Amurkar, wasu jihohi sun kafa dokar iyakar tsawonsa.

Faffaɗan mataki akwai daɗi, ƙafa tana hutawa. Sai dai ya fi na asali faɗi, sau da yawa ya fi shi sauka ƙasa, don haka yana saurin gogar kwalta in ka kwanto a kwana. Nemi mai naɗewa sama idan ya taɓa ƙasa. Wanda aka yi wa walda ya ƙame yana iya ɗage tayar baya. A daidaita matakin birki da na giya yadda ƙafarka za ta same su ba lalube, a ɗiga wa notuna Loctite shuɗi saboda girgiza. Ka fara gwadawa a fili da babu motoci, bayan tafiyar farko ka sake bin kowane noti da sifana.