Matakan Harhaɗa Ƙaramar Kwamfutar Tebur a Cikin Akwatin Katako

Yawancin kwamfutocin tebur da ake gani a ofisoshi da shagunan buga takardu manyan akwatunan ƙarfe ne baƙaƙe, kuma in ka buɗe ɗaya za ka tarar fiye da rabin cikinta wayam yake. Ba dole ba ne taka ta zama haka. Tun a 2001 kamfanin VIA Technologies na Taiwan ya fito da ƙaramin madabod mai suna Mini-ITX, santimita 17 kowane gefe, alhali na ATX da aka saba da shi ya kai santimita 30.5 a tsayi da 24.4 a faɗi. A kan wannan ɗan allo za ka iya harhaɗa cikakkiyar kwamfuta, kafintan unguwarku ya ƙera mata akwati irin wanda ranka ke so.

Riƙe abu ɗaya kafin mu fara. Kayan ciki da hanyar iska su ne ke yanke siffar akwati. Kada a yanka katako ko ɗaya sai kwamfutar ta tashi a gabanka.

1. Tsai da aikin da za ta yi. In rubutu ne da lissafin kasuwanci da intanet da kallon bidiyo da ɗan gyaran hoto, ba ka bukatar katin zane na daban. Nemi furosesa mai ɗauke da sashen zane a cikinsa. Za mu yi misali da Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wanda ya shigo kasuwa a 2021, mai ƙwaƙwalwar aiki shida, ajin wat 65. Rashin katin zane shi ne sirrin ƙanƙantar akwatin, kuma yana rage zafi da cin wuta. In wasanni masu nauyi kake nufi, bar akwatin katako tukuna, ka fara da na ƙarfe.

2. Sayi kayan da suka dace da juna. Wannan furosesa yana zama a soket mai suna AM4, don haka nemi madabod Mini-ITX na A520 ko B550. Sai RAM irin DDR4 mai gudun 3200, guda biyu masu gigabait 8 kowanne. Kada ka sayi guda ɗaya mai 16 don sauƙi: sashen zane yana aron RAM ne, kuma biyu tare sun fi ɗaya sauri ƙwarai. Sai ma'ajiyar SSD irin M.2 2280, wato milimita 22 a faɗi, 80 a tsayi. Sai ƙaramin akwatin wuta na SFX mai wat 300 zuwa 450, fanka mai santimita 12, maɓallin kunnawa irin wanda ke dawowa da kansa in ka sake shi, ƙafafun tagulla huɗu na ɗora madabod, da ragar tace ƙura.

Ko a Computer Village ta Ikeja kake saye, ko a titin Beirut na Kano, yi wa mai shago tambayoyi biyu. Shin an sabunta BIOS ɗin madabod ɗin har ya san 5600G? Wasu tsofaffin B550 ba sa tashi da shi sai an sabunta. Shin RAM ɗin na kwamfutar tebur ne? Na laftof gajere ne, DDR5 kuma ba ya shiga gurbin DDR4 ko kaɗan. In furosesan na hannu ne, juya shi a haske ka duba ƴan alluran da ke ƙarƙashinsa layi-layi. Ko ɗaya ya lanƙwashe, ka bar shi. Akwatin wuta kuwa ina ba ka shawara ka sayi sabo na kamfani sananne, domin idan mara kyau ya ƙone, yakan tafi da sauran kayan.

3. Shirya wurin aiki. Tebur mai faɗi, haske sosai, sukudireba mai bakin kuros babba da ƙarami, da ƙaramin kwano na zuba sukurori. Kada ka yi aiki a kan kafet ko darduma. A lokacin hunturu iska na bushewa, jiki kuma yana tara lantarki, irin wanda kake jin ya ɗan ja ka in ka taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe RAM. Taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka ɗauki kowane abu, kuma ka riƙa kama kayan ta gefe. Ɗora madabod a kan kwalinsa.

4. Saka furosesa. Ɗaga ɗan sandan ƙarfe da ke gefen soket har ya miƙe tsaye. A kusurwa ɗaya ta furosesan akwai ƴar alama mai kusurwa uku ruwan zinariya. Daidaita ta da irinta da ke jikin soket. Sauke shi a hankali, zai faɗa da kansa. In bai zauna ba, kada ka danna. Ɗaga, sake duba alamar. Bayan ya zauna, kwantar da sandan har ya maƙale.

5. Saka RAM da SSD. Buɗe maƙallan gurbin RAM, daidaita tsagar da ke ƙasansa da ƴar katangar cikin gurbi, danna ƙarshensa biyu har ka ji ƙas. A nan ana bukatar ɗan ƙarfi, kuma RAM da bai zauna sosai ba na cikin manyan dalilan da ke hana sabuwar kwamfuta tashi. SSD kuma a karkace ake zura ta, sannan a kwantar a ɗaure da ƙaramin sukurunta. In gurbin yana da murfin ƙarfe, ɓare ledar da ke ƙarƙashinsa kafin ka rufe.

6. Ɗora na'urar sanyaya furosesa. Wadda ke zuwa a kwalin 5600G sunanta Wraith Stealth, kuma an riga an shafa mata man ɗaukar zafi a ƙasa, kada yatsanka ya taɓa shi. Kwance robobi biyun da ke gefen soket, amma ka bar farantin ƙarfen da ke bayan madabod, domin a jikinsa sukurorin za su kama. Ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye: na sama hagu, na ƙasa dama, sannan sauran biyun, kana zagayawa har su tsaya. Sa wayar fankar a inda aka rubuta CPU_FAN.

7. Gwada ta a kan kwali. Jona babbar waya mai baki 24, da ta furosesa mai baki 8 wadda aka rubuta wa CPU. Kada ka rikita ta da mai rubutun PCIe, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Haɗa monita da kibod, kunna makunnin bayan akwatin wuta. Nemo ƴan allura biyu masu rubutun PWR_SW a littafin madabod, ka haɗa su da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Fanka za ta juya. Tashin farko yakan ɗan jima, ka yi haƙuri na minti ɗaya ko biyu. Danna Delete ko F2 ka shiga BIOS, ka tabbatar ta ga furosesa, ta ga gigabait 16, ta ga SSD. In allo ya ƙi haske, kashe, cire RAM ka sake dannawa. Idan komai ya fito, kashe ka zare wayar bango.

8. Yi samfurin akwati da kwali. Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci. Tela ba ya yanka shadda sai ya auna mai riga. Shimfiɗa kwali mai kauri, kwantar da madabod, ajiye akwatin wuta a gefensa. Na SFX santimita 12.5 ne a faɗi, 10 a zurfi, ɗan sama da 6 a tsayi. Juya su yadda bayan madabod da wurin shigar wayar bango za su kalli gefe guda. Bar wa wayoyi wuri, musamman mai baki 24, tana da kauri kuma ba ta son lanƙwasa mai tsanani.

Sai tsayi. Ƙafafun tagulla za su ɗaga madabod kamar milimita 6, na'urar sanyi ta ɗauki kusan santimita 5.5, ka bar sarari, sannan fanka mai kaurin santimita 2.5 a jikin murfi. A irin wannan tsari cikin akwati yakan kama wajen santimita 33 a faɗi, 20 a zurfi, 11 a tsayi. Amma kada ka kai wa kafinta waɗannan alƙaluma kai tsaye. Auna naka kayan da rula, yanka kwalin, manne shi da salatif, zuba komai a ciki ka rufe. Kuskuren da kwali ya nuna maka kyauta ne.

9. Tafi wurin kafinta da samfurin. Zaɓi busasshen katako ko filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12. Ɗanye zai tanƙware bayan damina. Gaya masa murfi da sukuru za a ɗaure shi, ban da ƙusa, ban da gam, domin za ka riƙa buɗewa. Ramin fanka ya faɗo daidai saman furosesa, kuma tsakanin ramukan sukurorinta santimita 10.5 ne. Fankar akwatin wuta ita ma a huda mata nata ramin. A gefe da baya a yi ramukan fitar iska masu yawa, kada a yi rowarsu. Ƙarfe yana fitar da ɗan zafi ta jikinsa, katako kuwa riƙe shi yake yi, saboda haka duk zafin wannan kwamfuta ta iska zai fita.

Akwai wata ƴar matsala a baya. Farantin da ke rufe bakunan USB da HDMI an yi shi ne ya maƙale a siririn ƙarfe, a taga mai santimita 15.9 da 4.4. Ba zai kama katako mai kauri ba. Mafi sauƙi shi ne a yi bangon baya da siririn falankin alminiyam, masu ƙera tagogi za su yanka maka. Ado kuma naka ne: sassaƙa, zanen dagi a gaba, fenti ko man katako kawai. A sa ƙafafun roba a ƙasa. Bar fenti ya bushe sarai, ka kakkaɓe garin katako tas kafin kayan lantarki su shiga.

10. Kafa ƙafafun tagulla. Ajiye madabod a mazauninsa, zura fensir a ramukansa huɗu ka yi alama, ɗauke shi, sannan a huda. Kada a taɓa huda katako madabod na kai. Ɗaure ƙafafun da kyau, su zama tsayinsu ɗaya. Da yake katako ba ya ɗaukar lantarki, kariyar kwamfutar ta dogara ne da wayar akwatin wuta. Yi amfani da fulogi mai baki uku, a soket ɗin da wayar ƙasarsa ke aiki.

11. Zuba kaya. Farantin baya da farko, sai madabod, sai akwatin wuta. Sukurori su kama kawai, kada ka murɗa har allo ya lanƙwasa. Fankar murfi ta zama mai shigo da iska, raga a gabanta. Iska tana fita ne ta fuskar da sandunan fankar suke, to wannan fuska ta kalli ciki. Ta haka iska za ta shigo a tace, ta tura ƙura waje ta sauran ramuka. Wayarta ta tafi CHA_FAN ko SYS_FAN. Wayoyi biyu na maɓalli su hau PWR_SW, ko ta wace fuska. Ɗaure wayoyi nesa da fikafikan fanka.

12. Gyara BIOS ka zuba manhaja. Kunna abin da ake kira XMP, ko DOCP a allunan Asus, don RAM ya kai gudunsa na 3200. In Windows 11 za ka sa, tabbatar fTPM a kunne yake, sannan ka shirya filasha mai aƙalla gigabait 8. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka kada ka fara sabuwar kwamfuta da shi. Linux Mint kyauta ne kuma yana tafiya lafiya a kan waɗannan kaya.

13. Auna zafi. Sa manhaja irin HWiNFO, rufe murfi, ba kwamfutar aiki mai nauyi na rabin awa. Yi gwajin da rana tsaka, a ɗakin da za ta zauna, domin sanyin asuba zai ruɗe ka. Iyakar wannan furosesa digiri 95 ne. In ka ga yana wuce 85 yana zama a can, ƙara ramukan fita, ko ka sa ƙaramar fanka a gefe mai jan iska waje. Tuna cewa abin da ya wuce lafiya a watan Disamba zai fi haka zafi a Afrilu.

14. Kula da wuta da ƙura. Kada ka jona ta kai tsaye a bango inda wuta ke hawa da sauka. Sa UPS a tsakani, ko aƙalla sitabilaiza. In sola kake amfani da ita, inbata mai ba da wuta tsantsa irin ta layi ta fi dacewa da akwatunan wuta na zamani. Lokacin sauyawa zuwa janareta, kashe ta tukuna in babu UPS. A hunturu duba ragar kowane mako ka kakkaɓe, sauran watanni sau ɗaya a wata ya isa. In za ka hure ciki, zare wayar bango, riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. Akwatin wuta kuwa kada ka kuskura ka buɗe shi, domin yana riƙe lantarki mai haɗari ko bayan an zare waya. In ya lalace, canza shi da sabo.