Kwana 21 Da Doka Ta Ba Mu Kan Muhalli

A shekarar 1988 jiragen ruwa daga Italiya suka sauke dubban ganguna na shara mai guba a Koko, wani ƙaramin gari na bakin ruwa a jihar Bendel ta lokacin, wadda yankinta ke cikin jihar Delta a yau. Ba a tambayi mutanen garin ba. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka rubuto wa jaridun gida, asiri ya tonu. A wannan shekarar gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, kuma a 1992 aka yi doka mai lamba 86, wadda ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Tun 1999 Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke riƙe da wannan nauyi.

Ga yadda abin yake. Wanda zai gina madatsar ruwa, ko masana'anta, ko ya buɗe babban wurin fasa dutse, ko gwamnati ce ko kamfani, dole ya kawo rahoto kan abin da aikin zai yi wa ruwa da iska da gonaki da mazauna wurin. Ma'aikata ba za ta yanke hukunci ba sai ta ba jama'a damar magana. Akan ajiye rahoton har kwana 21 na aiki a ofisoshin muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma, a sanar a jarida da rediyo, domin kowa ya duba ya rubuta ra'ayinsa.

A nan gizo ke saƙa. Rahoton da Turanci ake rubuta shi, mai kauri, cike da kalmomin masana, jaridar kuwa ba ta isa ƙauye. Sai kwanakin su cika, manomin da rijiyarsa za ta ƙafe bai ji komai ba, a ɗauki shirunsa a matsayin yarda. A ganina wannan ba shawara ba ce. Marigayi Paparoma Francis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya koyar cewa mazauna wuri su ne suka fi cancanta da kujera a irin wannan zama, domin su da 'ya'yansu ne za su rayu da sakamakon.

Saboda haka idan kuka ji sanarwa, ku gaya wa katekis ko kwamitin Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya na majami'arku. A tura malamin makaranta ya karanta rahoton ya fassara bayan Misa, a gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, tunda rafi ɗaya muke sha. Ku tambaya: ina gurɓataccen ruwan zai bi? Ƙurar fa? Mene ne makomar burtali da maƙabarta? Ku rubuta damuwarku, ku sa hannu, ku miƙa kafin wa'adi ya cika, kuma a buga muku hatimin karɓa a kan kwafin da za ku ajiye.