Kifin Bakin Teku da Ruwanmu na Musawa

Jama'a, kiwon kifi ya fara shiga gidaje a ƙasar Musawa da Malumfashi da Funtua. Manomi ya gina kwami na siminti a bayan gida, akawu kuma ya ajiye akwatin gilashi a zaurensa don ƙawa. To, fatake masu zuwa Ikko sukan ga wani kifi mai gashin baki, fari fat kamar azurfa, su yi sha'awar kawo 'ya'yansa gida, suna zaton ɗan'uwan tarwaɗa ne, inda ta zauna shi ma zai zauna. Wannan shi ne abin da za mu duba a makon nan, gama kuɗi ne za a zuba.

Da fari sai mu san ruwa iri uku ne. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Ruwan rijiya da na rafi da na dam, irin na Zobe ko Mairuwa, gishirinsa bai kai giram 1 ba. Na uku shi ne ruwan zartsi, watau na wurin da kogi ya gamu da teku, kamar tafkin Ikko. Can gishiri yakan ragu da damina, ya ƙaru da rani.

Me ya sa wannan ya dami kifi? In ka barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir, za ka ga ruwa ya fito, domin ruwa kullum yakan bi wajen da gishiri ya fi yawa. Jinin kifin rafi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka ruwa yana ta shiga jikinsa, shi kuwa yana ta fitar da shi ta fitsari. Kifin teku kuwa ruwan jikinsa ne ke fita, sai ya riƙa shan ruwa yana zubar da gishirin. Kowanne Allah ya shirya jikinsa don nasa aikin. In ka sauya masa ruwa, ba lalle ya mutu a ranar ba, amma sai ya daina ci, ya rame, cuta ta kama fatarsa.

Masu gashin bakin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai dangin da masana ke kira Arius, na teku da bakin kogi, wanda namijinsa ke ɗaukar ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe. Wani ɗan'uwansa daga gaɓar Amurka ta Tsakiya da Kolombiya shi ake sayarwa don akwatin gilashi. Yana ƙarami yakan zauna cikin ruwan daɗi, shi ya sa mai saye ke ruɗuwa. Amma in ya girma, tsawonsa ya kai wajen ƙafa ɗaya, sai ya bukaci gishiri da fili mai faɗi. Ƙayarsa kuma tana da dafi. Wannan bai dace da mu ba.

Akwai kuma warushe, wanda Yarabawa ke kira obokun. Shi yana zama a tafkin Ikko, yana kuma zama a Kwara da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gama dam a 1968. Ruwan daɗi ba ya cutarsa. Sai dai ba ya iya shaƙar iska daga sama kamar tarwaɗa, don haka in ruwan kwami ya ƙazantu, shi ne zai fara mutuwa. Girmansa kuma a hankali ne.

Wani zai ce, to, ai sai in zuba gishiri. Mu yi lissafi. Kwami mai lita 1,000, in ana son giram 10 a kowace lita, zai ci kilo 10 na gishiri, kuma kowane sauyin ruwa sai an sake zubawa. Kanwa da manda ba su maye gurbin gishirin teku. Abin da ya fi muni, ruwan kwamin tarwaɗa taki ne ga alayyafo da tumatir, amma ruwan gishiri in ka malala shi a lambu, ƙasar ce za ta lalace.

Saboda haka, kafin ka ba da kuɗinka, tambayi mai sayarwa abu uku. A wane ruwa aka ƙyanƙyashe kifin? A wane ruwa manyansa ke zama? Yaya girmansa in ya cika? In ya kasa amsawa, riƙe kuɗinka.

Shawararmu ga manomi ita ce tarwaɗa, wadda in ta sami abinci sosai takan kai wajen kilo 1 cikin wata 6, ko kuwa karfasa. Mai akwatin gilashi ya nemi ƙaramin kurungu, gama ɗan ruwanmu ne. Kada a zuba 'ya'yan kifi cikin tsananin hunturu, domin sanyi yakan hana su ci. Wanda ke son ƙarin bayani ya nemi malamin gona na yankinsa.

Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, amin.