Matsalar Ma'auni Wajen Shigar da Siffa Cikin Manhajar Zane Mai Motsi

Gabatarwa

Lamba ita kaɗai ba ta bayyana girman abu sai an ambaci ma'auninta. Mai sayen gero a kasuwar Tambuwal ko Kebbe yakan tambayi irin mudun da za a auna masa kafin ya yi tayi. Haka ya wajaba ga mai zane a kwamfuta.

Tushen Matsalar

Kowace manhaja tana da ma'auninta na asali. Blender da mita take lissafi, Maya da santimita, 3ds Max kuwa da inci. Fayil irin na OBJ lambobi kawai yake ɗauka, ba ya ambaton ma'auni. Saboda haka idan ɗalibi ya ƙera siffar rumbu mai tsayin santimita 300 a Maya, ya shigar da ita Blender, za ta fito da tsayin mita 300, wato ninki 100. Daga nan haske da kyamara ba za su daidaita ba, aikin makonni yana iya lalacewa.

Hanyoyin Gyara

1. A binciki ma'aunin manhajar da aka ƙera siffar da ita.
2. Wajen shigarwa Blender, a rubuta 0.01 ga santimita, 0.0254 ga inci.
3. A gwada siffar da ta mutum mai tsayin mita 1.7.
4. A tabbatar da ma'aunin ta hanyar danna Ctrl+A kafin a sa wa siffar ƙasusuwan motsi.

Auna Fahimta

An ƙera randa mai tsayin inci 20. Mita nawa ya kamata ta zama a Blender?